Tabar da Yaya Saude Ba Ta Taɓa Kunnawa Ba

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Yaya Saude makwancinta a Hunkuyi. Har yau in wani ya kunna sigari kusa da ni a tasha, tashi nake yi in bar wurin.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun taso ne a shekarun farko bayan samun mulkin kai, lokacin da noman taba ke tashe a ƙauyukanmu. Baba yana nomanta, yana kuma shanta a lofe. Yaya tana da yawan tari tun tana ƙarama, shi kuwa Baba ya yi imani hayaƙin taba na tsinka majina. Sai ya zaunar da ita, ya lulluɓe ta da gwado, ya riƙa busa mata hayaƙi a ciki. Ta fito idanu jajur tana kakari, Inna ta ce madalla, ciwon ne ke fita. Wallahi don ƙauna suka yi, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Da ta girma ta auri Malam Tanko, mai tantance ganye a wurin sayen taba a Makarfi. Mutumin nan kara na bin kara yake sha, amma ba a waje ba, wai kada yara su raina shi. Sai ya ci abinci, ya tura ƙyauren ɗakinta, sannan ya kunna. Ita kuma tana zaune tana yi masa fifita, don a wurinmu tashi a bar miji zaune rashin tarbiyya ne. Tir da wannan mutunci! Na sha zuwa in tarar labulenta ya dafe, ɗankwalinta na warin taba, ban taɓa cewa uffan ba. Shirun nan nawa ya fi komai ba ni ƙyama.

Ba ta cika arba'in da biyar ba ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Maƙwabta suka ce iska ce, aka ɗebo garwashi aka shiga yi mata turare. Hayaƙi dai, hayaƙi! Da muka kai ta asibiti a Zariya, likita ya tambaye ni kara nawa take sha a rana. Na harzuƙa, na ce matar da ko goro ba ta ci? Ya zaunar da ni ya ce hayaƙin wani ma yana lalata hanyoyin jini, su yi tauri su tsuke kamar tsohon tiyo, kuma ɓarnar kan soma tun ƙuruciya. Bai ce shi kaɗai ne sanadi ba, ya ce dai da hannunsa a ciki. Malam Tanko ya gama ji, ya fita gindin dalbejiya ya kunna wata tabar. Kwana tara ta yi ta cika.

Ko me za ta ce da ta ga zamanin nan? Yanzu gargaɗi na nan a jikin kwalin taba, rediyo na faɗa, ba mai uzurin Baba. Amma watan jiya na je barka a Ikara, jikarta kuma takwararta ta haihu. Na tarar da maigidan, ma'aikaci mai ilimin boko, yana busa sigari a falo, tagogi a rufe, jariri kwance a gefensa. Da na yi wa yarinyar magana sai ta sunkuyar da kai, ta ce dangi duk suna yaba ta, wai ta gaji haƙurin kakarta.

Na juya wurin mijin na ce, "Ɗana, ko ka fita da tabar nan waje, ko ni in fita da yaron nan."

Ya fita yana huci, kuma har yau bai sake gaishe ni ba. Ko a jikina.

Allah Ya jiƙan Yaya Saude. Karamcinta da riƙon zumuncinta, Allah Ya sa jikoki su gada. Amma haƙurin nan da ake ta yabo, ni na ga inda ya kai ta, da hannuna na zuba mata ƙasa. A bar shi can tare da ita.