Baban Habibu Yana Jirana a Bakin Kogin Nilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin sauka karin kumallo waya ta shigo daga gida. Na ɗauka da dariyata, don na zaci Habibu ne, lokacin kiransa ke nan kullum. Sai na ji muryar Baffa Sale, ƙanin mahaifinsa.

Habibu ya rasu.

Habibu ɗan Mai Unguwarmu, malamin gona, abokina tun muna aji ɗaya a firamare. Jiya da la'asar ya yi hatsarin babur a hanyarsa ta dawowa daga ɗaurin aure a Falgore. Ba su faɗa mini jiya ba, suna sa ran zai farfaɗo. Da asubar gida Allah ya karɓi abinsa.

Ni kuma ga ni a Aswan, can kudancin Masar, tare da mahaifinsa. Baba bai sani ba tukuna. Yana ƙasa a bakin kogi, ya sa babbar riga ya naɗa rawaninsa, yana jirana mu shiga jirgin ruwa.

Kafin komai, don girman Allah kada kowa ya kira wayata yanzu. 'Yar wayar Baba ba ta aiki a ƙasar nan, tawa muke amfani da ita, kuma sau da yawa tana hannunsa. Na san halinmu, kowa yana so a ce shi ya fara yin ta'aziyya. Yau dai ku haƙura. 'Yan'uwanmu ɗalibai da suka zo gaishe shi a Alƙahira, da ku nake musamman.

Baffa ya ce mini, "Tasi'u, ba za mu kai shi makwancinsa ba sai Yaya ya sani. Za mu jira zuwa sha ɗaya. Kai ne a wurin, kai za ka faɗa masa."

Na ce, "Baffa, ni? Mutumin da yake shan maganin hawan jini safe da yamma?"

Ya ce, "To wa muke da shi a can?"

Ina rubutun nan ne don na rasa wanda zan yi wa magana.

Wannan tafiyar gaba ɗayanta aikin Habibu ce.

Tun da mahaifiyarsa ta rasu Baba ya koma zaman zaure. Zai saurari masu ƙara, ya raba faɗan iyakar gona, in sun watse ya zauna shiru yana kallon ƙasa. Habibu ya ce mini, "Ustazu, tsohon nan in ban da aikin Hajji bai taɓa fita ya ga komai ba. Sai na kai shi ya buɗe ido."

Mutanen ƙauyenmu suka yi ta dariya. Wai mutum ba ciwo yake ba, ba karatu ya je ba, ba fatauci ba, haka kawai ya hau jirgi ya je kallon gari. Ni ma na taya su, ba zan ɓoye ba.

Kusan shekara uku yana zaɓen gari. Duk ranar kasuwar Ƙaraye in na tashi daga makaranta sai mu haɗu a rumfar mai shayi, ya ciro waya, ya fara. Wallahi har gudunsa na riƙa yi.

Ni na dage a kan Istanbul, saboda masallatan nan da nake gani a hoto. Ya ce, "Ka duba ƙasa, ka daina duba sama." Na duba, gari ne duk hawa da gangara. Ya ce, "Gwiwar Baba ba za ta kai Azahar ba."

Haka yake kallon bidiyon kowane gari. Mutane suna kallon gine-gine, shi yana ƙirga matakala, yana neman benci, yana duba ko akwai masallaci kusa da inda za a yi alwala a zaune.

Na ce Dubai. Ya ce, "Baba zai leƙa ya ce, to ina gonakinsu? Me zan ce masa?"

Akwai wani gari a Maroko da aka shafe shi da shuɗin fenti. Wannan kam ya shiga ransa, ya yi wata guda yana nuna mini. Rannan ya zo fuska a sake ya ce ya cire shi, lunguna ne masu hawa, mota ba ta shiga. Na ce ai kai kake so. Ya ce, "Ni ai ina da lokaci."

A ƙarshe ya tsaya a kan Masar. Alƙahira, sai Iskandariya don Baba ya ga teku, sai Aswan.

Dalar Fir'auna ya fara sawa, domin tun muna yara Baba yake ba mu labarin dalar gyaɗa da ya gani a Kano. Da muka je Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe dalar gyaɗa ce ta dutse. To wannan me ake ci a ciki?" Da na faɗa wa Habibu a waya sai da ya yi dariya har yana tari.

Jirgin ƙasa ma na rana ya zaɓar mana, kujerar taga, duk da kowa ya ce na dare ya fi hutu. Yini guda Baba bai runtsa ba. Rake, dabino, masara, ruwa yana bin kwalbati har cikin gona. Ya riƙa taɓa ni yana cewa, "Tasi'u, waɗannan mutanen ba su san rani ba." Rabon da in ga haƙoransa haka tun Inna, mahaifiyar Habibu, tana da rai.

Wani zai tambaya me ya kawo ni, ni da ba ɗansa ba.

Su biyu za su zo. An yi fasfo, an gama komai, sai Baba ya kira shi zaure ya ce, "In na tafi ka tafi, wa zai riƙe gari? Ga kaka ta zo, ga shanu za su fara saukowa gonaki." Habibu ya fito, ya same ni a makaranta, ya ce tun da Larabci nake koyarwa ni zan tafi.

Na ce masa wannan ba adalci ba ne, shekara uku kana tsara abu. Har na ɗaga murya, kun san ni. Ya ce, "Don shi na tsara ai. Kai dai ka je ka gwada Larabcin naka na nahawu a kan masu tasi, mu ga ƙarshen ƙarya."

Ɗaurin auren jiya ma Baba aka gayyata. Habibu wakiltarsa ya je yi.

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni. Na san tsohon nan. Kafin ya yi kuka zai fara lissafi: ni na hana shi tahowa, ni na bar masa gari, a madadina ya hau hanyar nan. Mun sani kwana ne ya ƙare, ko a ina yake sai ya tafi, shi ma ya fi ni sanin haka. Amma zuciyar uba daban take, kuma tasa ba mai ƙwari ba ce yanzu.

Ɗan farinsa ne. Saboda kunya bai taɓa kiran sunansa a gabana ba, sai dai ya ce "abokinka". Amma duk abin da ya gani a tafiyar nan sai ya ce, "Ɗauki hoton wannan ka tura wa abokinka." Jiya a kasuwa ya saya masa hula, ya daɗe yana gwada ta a kaina wai kanmu ɗaya.

Ni ban san ta inda zan fara faɗin alherin Habibu ba.

Shekarar da aka mayar da ni Rogo, ban san kowa ba, duk Juma'a sai ya zo a babur da ƙwaryar fura daga gidansu. Ba ya ko daɗewa. Zai ce ya zo duba wata gona ne, alhali babu wata gona.

Shi yake kawo wa mahaifiyata irin gyaɗa duk damina, ya tsuguna ya nuna wa ƙannena tazarar shuka. In na yi faɗa da mutum, kuma ina yi, shi yake bi bayana ya ba da haƙuri, ban sani ba sai daga baya.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar Ƙaraye ne, ranar da ya sa mu a motar Kano. Ya roƙi direba ya ba Baba gaba shi kaɗai. Ya miƙo mini ledar magani da takarda shafi huɗu da rubutun hannunsa, kowace rana da inda za mu je, da inda Baba zai zauna ya huta.

Ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Ustazu, kada ka gaggauta shi. In ya tsaya kallon abu, kai ma ka tsaya." Sannan ya ce, "In kun dawo da baki za ka ba ni labari, hoto ba ya isata."

Na ce masa ya saki ƙofar mutane, ba Madina za mu ba. Maganar da na yi masa ke nan ido da ido ta ƙarshe.

Jiya da safe ya kira, ya ce shiga jirgin ruwan nan na yau shi ne kan tafiyar, shi ya sa ya ajiye shi ƙarshe. Jirgin ruwa mai filafilai na ƙyalle, babu inji, babu girgiza. Ya ce in Baba ya ce dam ɗin Challawa ya fi wannan ruwan, kada in yi masa gardama.

Na yi ta tunanin wanda zai taya ni faɗa. Da a gida ne ba ni da bakin wannan magana. Liman ne zai je da dattawa biyu sa'anninsa, ni ina can waje. A nan babu Bahaushe ko ɗaya da na sani. Na yi tunanin limamin masallacin kusa da otal, mutumin kirki ne, kullum sai ya riƙe hannun Baba. Amma Baba ba ya jin Larabcinsu. Ko ya faɗa, ni zan fassara.

Ga shi kuma mutumin da zan faɗa wa, aikinsa ke nan. Duk gidan da aka yi rashi a nesa a ƙauyenmu, Baba ne yake kai labari. Zai zauna, ya ja gaisuwa, ya tambayi gona, ya tambayi yara, sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya yi shiru. Ba ya furta kalmar. Yana bari mutum ya isa wurin da kansa. Haka ya yi mini ranar da mahaifina ya rasu a asibiti a Kano, kuma hannunsa yana kafaɗata har na gama kukana.

Ɗazu na gwada. Na wanke fuska, na sauka, na same shi ya gama shan shayi. Na fara ba shi maganinsa, na tsaya sai da na ga ya haɗiye. Sannan na durƙusa.

"Baba, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya ƙafar? Ya baƙunta? Ya aka ji da iskar kogi?"

Ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Tasi'u, tun da muka baro gida ba ka yi mini gaisuwa mai tsawon wannan ba."



Ya ce, "Abokinka bai kira ba yau."

Na ce, "Wataƙila sabis ne, Baba."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa mai ƙara in ya fara kwana-kwana. Wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce na manta takardar a sama, na miƙe na gudo. Takardar tana aljihuna.

Yanzu ina tsaye a taga ina hango shi. Mai jirgin ya zo, ya yi masa nuni da hannu su tafi. Baba ya girgiza kai, ya sallame shi. Mutumin da tun jiya yake tambayata ƙarfe nawa za mu shiga ruwa.

Ya matsa gefen benci ya bar wurin mutum ɗaya. Ya ciro carbi. Bai ɗago ya dubi tagar nan ba ko sau ɗaya.

A gida kuma an haƙa kabari, mutane suna zaune a ƙofar gidansa, lokaci yana tafiya.

Ya Allah ka jiƙan Habibu, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka nuna masa abin da ya fi duk garuruwan da ya yi ta zaɓa wa wani. Ka raya 'ya'yansa uku, ka ba matarsa haƙuri. Ka riƙe zuciyar tsohon nan, ka ba ni ikon mayar da shi gida da ƙafarsa.

Duk wanda ya karanta wannan, ya tsaya ya yi wa Habibu addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Ku yi wa Baba ma, yanzu, ba anjima ba. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya buɗe bakina.

Zan sauka.