Matar da Ke Son a Rufe Teku

A duk garin Kali, Slavka ce kaɗai ke yi wa dokar hana kamun kifin tuna addu'a. A ɓoye mana! Wa zai furta wannan a garin da kowane gida ke da namiji a jirgin kamun kifi?

Mijinta Grgo tun suna da ƙuruciya yake can tekun Fasifik, a ɗakin injin wani jirgi da ke tashi daga Panama. Ba ya ganin gida sai ƙasashe sun rufe teku don kifi ya hayayyafa. 'Ya'yansu biyu ma, in ka bi diddigi, albarkacin dokar nan ne. Ita ta raine su, ita ta binne surukarta, ita ke hawa itacen zaitun da kanta. Kewarsa kuwa ba ta taɓa sabawa da ita ba. Masu cewa ana sabawa, ƙarya suke yi.

Bana da labari ya zo cewa taron ƙasashen ya tsawaita hanin, sai tashar jiragen ruwan garin ta kaure da zagi.

"Masu kwat da ba su taɓa jiƙa ƙafa ba!" in ji Inna Luca, maƙwabciyarta. "Ke kuma me kike wa washe baki?"

"Haƙori ke damuna, Inna."

"Haƙorin nan na san sunansa, ja'ira."

Slavka ta shanya katifa, ta sa aka yi wa ɗaki fenti, ta hana kowa taɓa zaitun ɗin bayan gida sai ya zo su tsinka tare.

Ranar Lahadi da yamma ya bugo waya, murya fal murna.

"Tsohuwa, nemi wuri ki zauna! An ba ni shugabancin ɗakin inji!"

"Kai, madalla! To yaushe za ka taso?"

Tana rufe baki ta tuna, murna ta koma ciki. 'Yar Kali ce, ta san in an rufe teku kowa na tafiya gida ban da babban injiniya, don lokacin ne ake gyara.

"Tunda hanin ya yi tsawo," in ji shi a hankali, "mai jirgi ya ce a kwance injin gaba ɗaya."

"Na ji."

"Ba ki yi murna ba?"

"Na yi mana," ta ce. "Grgo, kar ka kashe tukuna. Ajiye wayar kusa da kai, ka ci gaba da aikinka. Motsinka kawai nake son ji."