Na Je Binciken Mijin Ƙanwata, Na Dawo da Labarin Motarsa

A lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya, diflomata na kwance cikin leda a ƙasan akwati, ni kuma ina sayar da takalma a rumfar kawuna a Babbar Kasuwa. Ba abin da ke ƙona min rai irin in ga sa'ana ya shigo kasuwa da igiyar katin aiki a wuya, yana kaɗa makullin mota, ni ina durƙushe ina gwada masa takalmi. A idona duk mai albashi mutumin kirki ne tun kafin ya buɗe baki, mai sana'ar hannu kuwa ko waliyyi ne sai na nemo masa aibu. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, amma da wannan mudun nake auna mutane, kuma da shi na auna rayuwar ƙanwata.

Ita ce autarmu, malama ce a wata firamare kusa da gidanmu a Kurmin Mashi. Rediyon gida muke ce mata, don in ta dawo daga makaranta ta fara ba da labarin 'yan ajinta, har Baba sai ya rage muryar rediyonsa ya saurara. Mutum biyu ne suka fito neman aurenta da gaske. Ɗaya mai gyaran keken ɗinki ne a kasuwarmu, yana zuwa bayan la'asar a kan tsohon babur, ya zauna a tabarmar zaure su yi ta hira da dariya har a kira magariba. Ɗayan ma'aikaci ne a wani babban kamfani, ba ya shiga zaure, a cikin mota yake jiranta, kuma da wuya ya yi minti ashirin.

Ba wanda ya yi mata dole, wannan zan faɗa don kada in ɗora wa iyayenmu laifina. Ita da kanta ta same ni ta ce zuciyarta ta fi kwanciya da mai gyaran keken, saboda in ta yi magana yana ji, har ya tambaye ta bayan sati yadda ta ƙare da abin da ta gaya masa. Ta ce ma'aikacin kuwa zancensa bai wuce filin da ya saya da motar da zai canza, in ta soma nata sai ya koma danna waya. Na yi dariya na tambaye ta ko hira za ta riƙa dafawa in an yi auren. Na ce mutum mai aiki ba shi da lokacin surutu, rashin abin yi ne ke sa namiji zuba kamar 'ya'yan kanya. Sai ta ce to ta bar wa bincike, duk abin da Yaya ya gano shi za ta bi.

Baba yana fama da ciwon ƙafa, don haka ni ya tura. Ya kuma gaya min dalla-dalla yadda ake yi. Ya ce kada in je wurin aikin mutum, in je unguwarsu in yi sallah a masallacinsu, in zauna da liman da maƙwabta, sannan in samu shi kansa mu yi hira mai tsawo in ji abin da ke cikinsa. Na ce to. Washegari ofishin ma'aikacin na fara zuwa. Aka sa ni a kujera mai laushi, sanyi na ratsa ni, aka kawo min lemo, shi kuma ya ba ni minti biyar yana amsa waya, a ƙarshe ya ce in kawo takarduna zai duba min. Daga wannan kalmar idona ya rufe.

Duk da haka na je Rigachikun, gidan iyayensa, don in ce na je. Bayan la'asar na tsaya da limamin masallacinsu, dattijo ne mai sanyin murya, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce mahaifin yaron mutumin kirki ne ƙwarai. Na ce yaron nake tambaya. Ya ce yaron ba mai shiga mutane ba ne, ba zai ce ya san shi ba, Allah dai ya zaɓa wa yarinya abin da ya fi alheri. Maƙwabci biyu na ƙara tambaya, dukansu uban suka yaba. Ni Bahaushe ne, a cikin mutane na tashi, na san dattijo ba zai tsaya a ƙofar masallaci ya ɓata ɗan unguwarsu ba. In aka tambayi ɗa aka yabi uba, an gama gaya maka komai. Na gane sarai, na yi kunnen uwar shegu. Mai gyaran keken kuwa ko tambaya ban yi a kansa ba, ai kullum ina ganinsa da baƙin mai a farce, me kuma zan bincika?

Da na dawo Baba bai tambaye ni mota ko albashi ba. Abu ɗaya ya tambaya, me liman ya ce. Na ce ya yaba. Ya sake tambaya ko yaron ya yaba. Na dubi idon mahaifina na ce shi ya yaba. Ƙanwata na bakin ƙofa tana ji, ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki.

Aka ɗaura aurenta da ma'aikacin, shekara shida ta yi a gidansa. Bai taɓa dukanta ba, bai bar ta da yunwa ba, shi ya sa ma muka kasa ganin komai. Abin da yake yi shi ne gaba. In miya ta yi gishiri, ko ta tambaye shi inda ya tsaya, sai ya ɗauke mata magana sati biyu, wata rana wata guda, suna kwana ɗaki ɗaya, in yana son abu ya turo mata saƙo a waya. In kuma ya huce, maganar ba ta wuce ya tuna mata daga wane irin gida ya ɗauko ta. Ya hana ta koyarwa, wai albashinta bai kai kuɗin man motarsa ba. Ni kuwa in na je ziyara sai in yi ta shafa kujeru ina yaba firij da labule, ina ce mata ta gode wa Allah. Tana zaune gabana ba ta ce uffan ba, ni ina ganin natsuwar matan manya ce ta zo mata. Takarduna ma da na kai masa, ko zancensu bai sake yi ba.

Ta dawo gida da takardar saki da 'yarta ɗaya, bayan Baba ya rasu yana zaton liman ya yabi surukinsa. Wata Juma'a na shiga gaida Inna na tarar da ita tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni, don Allah, me limamin nan ya ce a ranar. Na so in sake yin ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya mata kalma da kalma. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ce ita ma ta gane halin mutumin tun lokacin da yake jiranta a cikin mota, amma ta ce a ranta Yaya ba zai cuce ta ba. Ta ce ta yafe, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Abin da na koya ya zo min a makare, shi ya sa nake rubuto shi ko wani zai amfana. In an tura ka bincike, amana ce aka ɗora maka, kada ka kai yunwar zuciyarka wurin. Aiki da gida ana ganinsu daga bakin titi, hali kuwa sai an zauna da mutum an ji yadda yake magana da yadda yake sauraro. In yarinya ta ce maka wane yana jin maganarta, kada ka yi mata dariya, ta fi ka sanin da wanda za ta wuni ta kwana. Mai gyaran keken yana nan a layinmu na kasuwa, kullum sai ya gaishe ni da fara'a ya tambayi mutanen gida, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi. Ƙanwata ta koma koyarwa, an ce a aji tana magana. A gida kuwa yau shekara biyu, tsakanina da ita ina kwana Yaya, ina wuni Yaya. Ni na ce hira ba abinci ba ce, yanzu ga shi da zan samu ta zauna ta ba ni labarin 'yan ajinta sau ɗaya kamar da, da na ba da duk abin da na mallaka.