Katin Gem Ɗin da Na Jira Ya Yi Araha

Shekarun baya, lokacin ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandare a Bodinga, ina da wani hali da nake taƙama da shi: ba a cutata a ciniki. Ko sabulu zan saya sai na taya a wuri uku. Matata takan ce gara ta aiki kowa da ta aike ni cefane, don abincin rana sai ya koma na yamma. Ni kuwa a lokacin gani nake wayo ne Allah ya ba ni.

Ina da aboki a Dandin Mahe, tare muka yi makaranta. Ni na kama alli, shi ya koma gonar albasar gidansu. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, duk kasuwar da ke ci a yankinmu sai ka ga babur ɗinsa a can. Sai wani ciwon jijiya ya kama shi, ya fara daga ƙafafu. An je asibiti a Sakkwato, an dawo an yi na gida, abu sai gaba yake yi. Cikin shekara guda ya zama sai an ɗauko shi ake fito da shi inuwa. Likita ya gaya wa 'yan gidan cewa ciwon hawa yake yi, wata rana zai kai hannuwa. Ni ma an gaya min, ba zan ce ban sani ba.

Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne gem. Yana da tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya a hannu, da 'yar sola da ke ɗaukarta. Akwai wani gem na tuƙin mota da ya gani a waya ya ƙwallafa rai a kai, wanda mutum ke bin tituna da tsaunuka da bakin teku ba mai tsayar da shi. Muka sa a kwamfutar, hoton ya yi ta maƙalewa, motar ta ɗan motsa ta daskare. Na ce masa matsalar katin girafik ce, wato abin da ake sokawa a cikin kwamfuta ya ɗauki nauyin zana hoton gem. Nasa ya tsufa.

Da aka cire albasa a bazarar nan, ƙannensa suka sayar da kasonsa, ya kira ni ya miƙo min kuɗi a leda.

"Malam, kai ka san abin ga," in ji shi. "Sawo mani wanda ka iya ɗaukar gem ɗin ga. So nikai in koma tuƙi, ko da na ƙarya na."

Na bugi ƙirji na ce ya bar min, ko kwabonsa ba za a ci a banza ba.

A satin na shiga Sakkwato, kuma na samu. Kati ne mai fanka biyu, ba ya shan wuta da yawa, kuɗinsa daidai da abin da ke aljihuna. Mai shagon ya gwada min gem ɗin a gabana, motar tana tafiya sumul. Na riƙe katin nan a hannuna, na juya shi, sannan na ajiye masa na ce zan dawo.

Dalilina shi ne na ga bidiyo a waya ana cewa sababbin katuna na dab da fitowa, in sun fito tsofaffin za su faɗi. Duk wanda ya tashi a gidan manoma ya san ba a sayen albasa da damina, jira ake a cire ta ta cika kasuwa. Sai na ɗauka shi ma kati yana da kakarsa. Na ce in na ɗan yi haƙuri, da kuɗin nan zan samo wa abokina wanda ya fi wannan ƙarfi.

Daga nan na zama shehin katin girafik, alhali ko ɗaya ban mallaka ba. Wanne ya fi sauri, wanne ya fi ɗaukar zafi, wanne ne kuɗinsa ya fi aikinsa, duk na haddace. A ofishin malamai da na buɗe baki sai ka ga kowa ya tuna yana da aji. Duk Asabar kuma in na je Dandin Mahe abokina zai ce, "Malam, ina labari?" In ce saura kaɗan.

Wata Asabar da damina ta yi nisa, ya dube ni yana murmushi. Ya kawo zancen rudu, rumfar karan nan da suke ajiye albasa a ciki kafin ta yi tsada.

"Mu in munka aje albasa cikin rudu, kullum sai mun leƙa ta, don wadda taf fara ruɓa ba ta jiran kasuwa. Kai mi kaka leƙawa?"

Na yi dariya na ce farashi. Ana haka mahaifiyarsa ta kawo mana fura. Na ga ya tallabi kofin da hannu biyu, duk da haka sai da ta zubo masa a riga. Na gani da idona, na kau da kai. Da zan tafi ta biyo ni har zaure.

"Ɗana, in wancan bai samu ba, ka sawo mashi ko wane iri na. Hannuwan sun hwara."

Na ce, "Inna, wata guda kawai za a ƙara." Wallahi a raina gani nake amanar kuɗinsa nake riƙewa.

Sababbin katunan suka fito, tsofaffin ba su sauka ba. Dala ce ma ta tashi ta ja komai sama. Sai bayan an yanke gero na koma shagon nan a guje. Wanda na taɓa riƙewa an daɗe da sayar da shi. Irinsa sak na saya, sai da na cika daga albashina.

Da hantsi na isa gidan. Na buɗe kwamfutar, na soka katin, na kunna. Gem ya buɗe tas, ga jar mota, ga titi ya miƙe a gefen teku. Na ɗora masa fad, abin da ake riƙewa a buga gem ɗin, a kan cinyarsa, na gyara masa yatsu a kai. Ya yi ƙoƙarin dannawa, babban yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. A na uku fad ɗin ya sulale ya faɗi kan tabarma. Fankar sabon katin tana ta juyawa.

"Kati ya yi kyau, Malam," in ji shi. "Ɗauki ka ja mu. Yau ni fasinja na."

Na ɗauka na ja. Ban iya ba, na yi ta karo da bishiyoyi da motocin mutane. Yana cewa in bi dama, in ƙara wuta, yana min tsiya wai ko jaki ba zai ba ni in kora ba. Ni kuwa hawaye sun hana ni ganin titin. Haka muka riƙa yi duk Asabar, ina tuƙi yana kallo. Kafin a sake cire albasa Allah ya yi masa rasuwa.

Bai taɓa ce min na yi laifi ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Mahaifiyarsa ta sa aka kawo min kwamfutar har gida. Tana nan a ɗakina na lulluɓe ta da zane, ban sake kunna ta ba.

Halina bai bar ni duka ba, har gobe ina taya sabulu. Amma in tsofaffin ɗalibaina ko wasu suka tambaye ni wane kati ya fi dacewa da kuɗinsu, nakan faɗi wanda zai ɗauki gem ɗin da suke so, in ce su je su saya yau. Wasu suna ganin na yi musu gajeriyar amsa. Ba su san cewa wata biyar cur hannuwan abokina suna aiki, kuɗinsa na kwance a cikin akwatina ba.