Bayan An Ɗauke Bencin Hajiya

Shagona na ɗinki yana bakin tashar Rogo, ƙofa da ƙofa da rumfar wata mai abinci da kowa ke kira Hajiya. Na daɗe ina taka keken ɗinki ina kallon rumfar nan, har na san ƙarar murfin kowace tukunyarta. Shinkafa da wake take yi da mai da yaji, da rana ta ƙara da taliya da miya, ranar kasuwa kuma har dambu take turarawa. A da akwai benci biyu dogaye a gaban rumfar, da bokitin wanke hannu, da randa da moɗa. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaɓa da manoman da suka kawo gyaɗa daga Beli ko Ruwan Bago, duk nan suke zama kafaɗa na gugar kafaɗa, ana ci ana musun ƙwallo da siyasa da tsadar taki.

A ƙarshen benci na hagu, wajen inuwar darbejiya, akwai wurin wani tsoho da muke kira Baba. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi zamaninsa yana jigilar gyaɗa da dawa zuwa Kano, kuma rabin direbobin tashar nan a hannunsa suka koyi riƙe sitiyari. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ya tafi kudu neman kuɗi, tun ana jin ɗuriyarsa har aka daina. Baba bai da gona bai da jari. Abin da yake da shi riga ce fara wadda kullum take a wanke, da hula, da kuma zuciya. Kai, ban taɓa ganin talaka mai zuciyar Baba ba.

A wurinmu idan mutum zai ci abinci a gaban jama'a, dole ya ce wa na kusa da shi bismillah. Wanda aka yi wa tayin kuma yakan ce alhamdu lillahi, a ci lafiya, shi ke nan an fita hakkin juna. To da wannan tayin Baba yake rayuwa. Direba zai zauna da kwanonsa ya ce, "Baba bismillah." Baba ya ce, "A'a, ci abinka ɗan nan, yanzu na tashi daga kan nawa." Direban ya sake cewa, "Haba Baba, sa mana albarka mana." Sai Baba ya yi tsaki, ya matso yana mita, wai yaran zamani ba sa barin mutum ya huta, ya wanke hannu ya yi loma uku ko huɗu ya janye. Can anjima wani ya zo, a sake yin haka. Kafin la'asar Baba ya ƙoshi, kuma babu mutum ɗaya da zai bugi ƙirji ya ce shi ya ciyar da shi. Duk tashar mun san abin da ake ciki, babu wanda ya taɓa furtawa.

Hajiya ta taɓa yin kuskuren zuba masa kwano guda ta aika masa. Wallahi ranar sai da muka taru muka ba shi haƙuri. Ya miƙe ya ce, "Hajiya, bara kika ga ina yi? Ni da na ɗauki mahaifinki a mota kyauta ba sau ɗaya ba?" Tun daga ranar ba ta ƙara ba. Sai dai in ta ga direban da ke zama kusa da Baba, ta cika masa kwano fiye da ƙima, ta kau da kai.

Sai korona ta zo. Aka sa dokar kulle, aka rufe tasha da kasuwa, kekena ya yi ƙura. Wannan lokacin ba na son tunawa da shi, kowa ya ji a jikinsa. Maƙwabtan Baba sun riƙe shi a watannin nan, kuma ya karɓa, don a lokacin kowa karɓa yake yi, babu mai kallon wani. Da aka fara sassautawa, ma'aikatan lafiya suka zo suka ce a sayar da abinci amma ban da zama, ban da cin kwano ɗaya, ban da bokitin wanke hannu na taron jama'a. Aka ɗauke bencin Hajiya aka jingine su a bayan rumfa. Muka ce na ɗan lokaci ne.

Cutar ta wuce, aka yar da takunkumin fuska, aka koma cakuɗuwa a masallaci da gidan biki kamar ba a yi komai ba, amma benci bai dawo ba. A watannin dokar Hajiya ta gano abin da ba ta sani ba: in ta zuba abinci a robar tekawe ko a leda, ba ta sayen ruwan wanke kwanuka, ba ta biyan mai wanke-wanke, babu mai miƙo kwano ya ce a yi masa gyara, babu mai zama ya cinye mata inuwa da surutu. Roba tana da murfi, in ta cika ta cika. 'Yarta ta karɓi harkar da waya, ma'aikatan sakatariya da malaman makaranta suna bugowa, ɗan acaɓa yana kai musu har ofis. Mai shayin gefenmu shi ma ya koma soya taliyar leda da ƙwai, masu awara suka cika bakin titi, kowa na ƙulla wa mutane a baƙar leda. Na yi wa Hajiya magana a kan bencin, ta ce, "Tela, ka san nawa ake sayar da kwanon shinkafa yanzu? In na dawo da zama, rufe rumfar zan yi." Ban ji daɗi ba, amma ba ƙarya ta yi ba. Ƙarshe ma da itace ya yi tsada, ɗaya bencin a murhu ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutane suka karɓi ledar nan hannu bibbiyu. Komai ya yi tsada, abin da mutum zai saya bai ishe shi shi kaɗai ba, to baƙar leda ta zo ta raba shi da kunyar tayi. Direba zai karɓi ƙullinsa ya shige mota ya ɗaga gilashi, ya ci yana danna waya. Ɗan kamasho ya zagaya bayan shago. Mutanen da na sani da hannu a buɗe, sai ga su suna cin abinci kamar masu shan magani a ɓoye. Ban ce mugaye ba ne, ni ma na san yadda aljihuna yake. Amma tir da wannan zamani!

Baba ya dawo tasha da farar rigarsa. Da bai ga benci ba sai ya samu wani dutse a gindin darbejiyar ya zauna. Ina kallonsa daga kan keke. Direbobi suna wucewa suna gaishe shi da ladabi, "Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki?" ledarsu na lilo a hannu, ya amsa da fara'a, su wuce. Wasu sukan dunƙula wani abu su sa masa a aljihu, ya ciro ya mayar musu yana faɗa. Har la'asar ta yi, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi masallaci. Na ga wuyan rigar ya fara yi masa yawa.

Sai na yi dabara. Na sa aka zuba mini shinkafa a kwanon gidana, na fito da kujera ƙofar shago na ce, "Baba bismillah." Ya ƙi, na nace, ya matso. Ranar na ga yadda yake kai loma baki da sauri, sai da na kau da kai don kada ƙwalla ta zubo mini. Washegari muka sake, haka ma rana ta uku. Ana nan, wata rana ya wanke hannu zai fara, sai ya tsaya ya ce, "Tela, wai duk garin nan kai kaɗai ne kake cin abinci?" Na yi dariyar yaƙe na ce, "Baba ai ni ne acici." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da can a hannun jama'a nake ci. Yanzu kuwa ka mayar da ni ɗan gidanka, kai da ke da 'ya'ya bakwai a wuya. Allah ya yi maka albarka." Ya goge hannunsa a gefen riga ya tashi, bai taɓa abincin ba.

Na yi fushi ranar, fushi sosai. Na ce a raina wannan wane irin taurin kai ne, mutum yunwa na cinsa yana zaɓen hannun da zai ci a ciki? Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya na ce mu dawo da zaman nan ko don Baba. Kowa ya ce gaskiya ne Tela, in sha Allahu. Mutum biyu suka zo rana ɗaya, suka zauna a tsugune suna kallon agogo, abin ya zama kamar wasan kwaikwayo, Baba kuwa ya gane, ko kusa da mu bai zo ba. Daga nan ya rage zuwa tasha. Na tambaya aka ce yana yawan tafiya Karaye, wani direba da ya koya wa mota yana ɗaukarsa da safe ya dawo da shi da yamma. Aka ce ɗan'uwansa ne ba shi da lafiya a can. Na yi mamaki, don ban taɓa jin Baba yana da kowa a Karaye ba.

Bayan damina na je Karaye sayen zare da maɓallai, don mai kawo mana ya daina zuwa. Na gama sayayya na nufo tasha, sai na ji wata murya daga gefen masu sayar da abinci tana cewa, "A taimaka saboda Allah. A taimaka wa tsoho saboda Annabi." Na waiga, muryar Baba ce. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bangon wani shago, ya cire hular ya ajiye a cinya, ya naɗe wani tsohon rawani ya rufe rabin fuskarsa, hannunsa a miƙe. Wata mata ta fito daga mota ta ajiye masa robar tekawe da ragowar shinkafa a ciki, cokalin roba a tsaye. Ya laluba ya ɗauka, ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya juya ya fuskanci bango ya fara ci.

Na tsaya daga nesa ina kallonsa. Tunda nake ban taɓa wuce babba ban gaishe shi ba, amma na san idonsa ne ya tafi, kunnensa garau yake, in na buɗe baki na gama da shi. Na ja da baya na koma cikin kasuwa, na zauna a shagon mai zaren ina ta jan hira marar kan gado har rana ta yi sanyi.

Da na dawo tasha, motar Rogo guda ce ta rage, kuma Baba yana ciki a gidan gaba, hula a kai, rawanin ya ɓace. Na shiga baya na yi shiru. Muna fita gari mai karɓar kuɗi ya tambaye ni inda zan sauka, dole na amsa. Baba ya juyo da sauri.

"Tela? Kai ne?"

"Ni ne Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Yaushe ka shigo Karaye?"

"Yanzun nan Baba. Daga Kano nake, motarmu ce ta lalace a bakin gari, na sauka na hau wannan."

Ya juya ya fuskanci gaba. Ledar zaren da ke kan cinyata tana ɗauke da sunan shagon Karaye, na kife ta duk da na san ba zai gani ba.

"Ni ma dubiya na zo," in ji shi. "Ɗan'uwana ne ba lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya, Baba."

"Amin," ya ce. "Jikin nasa dai ya yi nisa, Tela. Ba na jin zai tashi."

Direban ya ƙara ƙarar rediyo, haka muka tafi har muka shiga Rogo.