Rantsuwar da Na Yi a Kan Birkin Motar Surukina

Shekarun baya, ba can da nisa ba, don haƙoran da nake tauna goro da su yanzu su ne dai na lokacin, na yi wata rantsuwa da ta kusa kai ni hannun masu ɗorin garinmu. Ku da kuke bin rubutuna kun san ni. Bokona aji huɗu ne, sauran karatun a gonar albasa na ƙarasa shi, nan Aliero. Sai dai aji huɗun da ba irin na yanzu ba ne. Shi ya sa in aka ɗauko maganar inji a majalisa ni ake kallo, ko kuma dai ni nake zaton ana kallo.

Mijin ɗiyata ɗan kasuwa ne a Jega. Mutum ne mai kunya, in ya zo gaishe ni sai ya yi ta kallon takalminsa kamar ya ba shi ajiya. Ya sayi wata mota, ta hannu ce amma da sauran ƙuruciyarta. Ran nan aka yi mana rasuwa a Maiyama, ya zo ya ɗauke ni mu je gaisuwa. Zama mota ɗaya da suruki ba daɗi gare shi ba, daga ni har shi mun san haka. Munka wuce Jega. Can gaba ya waiga yana duba wani mai mashin da ke son wuce mu, ita kuwa akori-kurar da ke gabanmu ta tsaya ba zato. Sai na ji motar ta yi wani ɗan kuka, ɗit-ɗit-ɗit, ta kafe wuri ɗaya. Bel ya shaƙe mini ƙirji, hulata ta sauko kan hanci.

Na gyara hula na ce, "Sannu da ƙoƙari. Ka iya birki."

Ya ce, "Baba, ba ni na taka ba. Ita ta taka."

Ya nuna mini wani ɗan ido a bayan madubin gilashin gaba, ya ce akwai wata na'ura kuma a hancin motar, in sun ga za a yi karo su ke kama birki. Na ce to in mutum ne fa? Ya ce, "Tana gani, Baba, amma..." Ban jira amma ɗin ba. Na ce, "Ke nan ko barci kake yi ba ta buge kowa." Ya kalli sitiyari ya ce, "Haka ne, Baba." Suruki ba ya gyara wa uban matarsa magana. Ni kuwa na ɗauki wannan "haka ne" na sa a aljihu kamar takardar shaida.

Washegari na kai labarin majalisarmu, gindin bedi, wato bishiyar dogon yaro, da ke kusa da masallaci. A nan taubashina yake zama, ɗan gwaggona. Tun muna tsere a kan jakai muke yi wa juna tsiya, kuma ban taɓa faɗin magana ya ce gaskiya ce ba. Ko sallama na yi sai ya duba sama ya ga ko da gaske rana ta fito.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, wagga mota mai ido, tana da gira?"

Na ce, "Kai mi ka sani ban da jaki?"

"Jaki dai shina tsayawa in ya ga rami, don yana tsoron ƙafatai. Ita mota mi take tsoro?"

Na ce na gani da idona. Ya ce idon nawa da na taɓa sayen tunkiya da shi a matsayin rago? Aka yi dariya, har da Liman, wanda bai cika buɗe haƙora ba. Abin ya sosa mini rai. Shekara da shekaru ana kawo mini albasa in duba in ce wannan za ta kai damina, wannan ba ta kaiwa, kuma maganata ake bi. Yau kuma a ce na zama mai kawo tatsuniya.

Taubashina ya ce, "To in gaskiya kake, tsaya gabanta mu gani."

Na ce, "Wallahi sai na tsaya gabanta. Juma'a bayan la'asar, filin makaranta. Kowa ya zo."

Liman ya yi ɗan tari. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Na kira surukina a waya na gaya masa. Ya ce, "To, Baba." Kwana biyu bayan haka tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta tare ni a tsakar gida, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ɗiyarka ta kira. Mijinta ya kasa cin abinci."

Na ce Allah ya sawwaƙe, ko shawara ce?

"Kai ne shawarar. In ya ƙi, ya ƙi surukinsa gaban gari. In ya yarda, ya tuƙa mota kan uban matarsa. Wanne kake so ya zaɓa? Ta ce ko littafin motar ya hana a gwada da mutum."

Na ce an rubuta littafin ne don waɗanda ba su yi aji huɗu ba. Ta dube ni irin duban da take yi wa tsakuwa in ta tsinto ta cikin shinkafa. A ƙarshe munka yi sulhu: za a fara gwadawa da mutum-mutumi, irin wanda muke kafawa a gona don tsuntsaye, in ta tsaya masa sai ni in shiga. Na haɗa shi da kaina, karan dawa da buhu cike da busasshen ganyen albasa. Ta miƙo mini wata tsohuwar riga na ƙi. Na ɗauko babbar rigata ta zuwa suna da ɗaurin aure, da hula mai kyau, don motar ta san ba ƙaramin mutum ke gabanta ba.

Ranar Juma'a filin ya cika. Har daga Kimba an zo. Abin da na fara hangowa shi ne wani mai ɗori na unguwarmu, zaune a sahun gaba, da 'yan kararensa da tsummoki a cikin jaka. Na ce masa lafiya? Ya ce wucewa yake yi, ya ga taro.

Aka kafa mutum-mutumin a tsakiyar fili. Gaskiya ya yi kyau, ya ma fi ni tsayuwa. Surukina ya ja baya da motar har bakin katanga, ya taho a hankali, gudun da bai wuce na mai keke ba. Ta matso, ta matso, sai ɗit-ɗit-ɗit, ta kafe. Tsakaninta da rigata bai fi kamu uku ba. Na juya ina kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Taubashina ya ce, "Ƙafatai ta, shi ya taka birki. Wa ya ga ƙafatai?"

Aka ce gaskiya ne, ciniki ma sai da shaida. Sai taubashina ya shiga gaba ya zauna don ya tsare ƙafar direba da ido. Surukina ya ce, "Baba, a sa bel." Ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure shi. Ya sunkuyar da kai yana leƙen ƙasa, aka sake tahowa. Motar ta sake kafewa, goshinsa kuwa ya gaisa da gaban motar, gaisuwa mai kyau. Ya fito yana dafe da ƙulu. Aka ce yaya? Ya ce ƙafar dai ba ta je kan birki ba.

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, ko shekarar da albasa ta yi tsada. Na miƙa wa wani sandata, na nufi tsakiyar fili in ture mutum-mutumin in tsaya a wurinsa. Ina tafe ina gyara wuyan riga.

Taubashina ya ce, "Dakata, Injiniya. Alwala ma uku-uku ake yi. A ƙara ɗaya."

Ba don tausayina ya faɗa ba, haushin goshinsa ne. Na ce a ƙara goma ma in yana so. Na koma gefe na harɗe hannuwa.

Lokacin rana ta sunkuya, tana dukan gilashin motar sosai, iska kuma ta ɗan juya mutum-mutumin ya ba da gefe. Motar ta taho kamar ɗazu. Ina jiran kukan nan nata, har na buɗe baki zan taya ta. Ba ta yi ba. Sai ji munka yi ƙaras, karare sun kakkarye. Surukina ya taka birki da ƙafarsa, amma rigata ta riga ta shige ƙarƙashin taya, hannunta ɗaya a waje. Hular ta gangara, ta yi ta gangarawa, ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban mai ɗori. Ya ɗauka ya kaɗe ta ya riƙe.

Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga rigarsa ta ɗaurin aure kwance an take, daidai wurin da ya nufa ɗazu da ƙafafunsa.

Ga kuma rantsuwa a wuyana, gaban Liman na yi ta. Na gyara murya na ce, "To ai kara ne. Motar ta gane ba mutum ba ne, shi ya sa. Bari ni in tsaya ku gani." Na fara takawa, a hankali ƙwarai, irin tafiyar mai faɗan da ke jiran a riƙe shi. Taki ɗaya, babu wanda ya riƙe ni. Taki biyu, shiru. Na ce a raina, ashe haka mutanen garin nan suke.

Surukina ya fito daga mota ya zo gabana ya durƙusa. Tun da ya auri ɗiyata, ranar ya fara kallon tsakiyar idona. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba ni tuƙawa. Ko mi za ka yi mini, ba ni tuƙawa."

Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Taubashina ne, hannunsa sanyi ƙalau. Bai dube ni ba, sai ya dubi Liman.

"Allah gafarta Malam, wanga mahaukaci namu, ya za a yi da rantsuwatai?"

Liman ya ce rantsuwar da cika ta zai jawo cuta, karya ta ake yi a yi kaffara. In ciyar da mabukata goma, magana ta ƙare. Na ce ni dai da an bar ni na tsaya. Na faɗa ne ƙasa-ƙasa, yadda ba za a ɗauka da gaske ba.

Sai taubashina ya juya ga jama'a, bai saki hannuna ba. Ya ce, "Ku ji. Motar ga tana tsayawa da kanta, goshina shaida ne. Bai yi ƙarya ba. Gishiri dai ya zuba, har ya ɓata miyar." A shekara sittin da wani abu, wannan ce yardar da na taɓa samu daga bakinsa, kuma ko ita da ragi ya ba ni.

Ranar Lahadi tsohuwata ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, aka kira mutum goma. Da aka zo zama sai na ƙirga sha ɗaya. Taubashina ne a ƙarshen tabarma, da kwanonsa da ya zo da shi daga gida. Na ce kai da rumbu biyu kake mabukaci? Ya ce shi ba kaffara ya zo ci ba, gaisuwa ya zo. Ya leƙa cikin gida ya ce wa tsohuwata, "Ya haƙuri? Mutumin kirki ne, sai dai surutu. Na ga gawar, rigar ma ba ta moruwa." Ta ce haƙuri sai ma'abucinsa, ta ƙara masa miya.

Daga baya surukina ya kai motar wurin masu gyara. Sunka duba sunka ce lafiyarta lau. Wataƙila rana ce ta kashe mata ido, wataƙila karan da ya ba da gefe ne bai yi mata kama da mutum ba. Babu wanda ya iya rantsewa a kan dalili, kuma ni dai ba za a sake jin rantsuwa a bakina ba. Sun ce an yi abin ne don ranar da direba ya yi kuskure, ya taimaka in ya iya, ba don a jingina rai da shi ba. Na gane wannan. Maigadi ne mai ƙoƙari, amma wanda ya san yana da maigadi ai bai fasa kulle ƙofa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba motar ba ce. Na kusa sa bawan Allah ya taka uban matarsa don kawai kada a yi mini dariya a gindin bedi. Dariyar kuma an yi ta, har yau ana yi, ba ta karya mini ko yatsa ba. Motocin yanzu an ce sun fi waccan gani, ina kuma murna da haka, daga bakin titi.

Taubashina yana nan, ya tsufa ya bar ni. Tun daga ranar ya daina kira na Injiniya. In na doso majalisa sai ya matsa a kan tabarma ya ce, "Ku ba marigayi wuri." Ni kuwa sai in zauna in amsa gaisuwa. Marigayin da ke amsa ta'aziyyarsa da bakinsa, ya kuma karɓi goro, ban ga abin da zai yi ƙorafi a kai ba.