Shekarar da Gwiwata Ta Yi Shiru

Alli ne ya fara gagarata. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a nan Matameye, sai wata safiya yatsuna suka ƙi rufuwa a kansa. Suka kumbura, hagu da dama, daga baya wuyan hannu da gwiwoyi suka bi sahu. Mutanen gari suka ce sanyi ne. Likitan da na gani a Damagaram ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda jiki ke far wa gaɓɓansa da kansa, kuma ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Na ajiye aiki na dawo gida.

Zaman gida kuwa ban iya shi ba. Maigidana da an gama girbi yake tafiya Kano cin rani, ba ya dawowa sai ya ji labarin ruwa ya sauka. 'Yata ɗaya ce, tana aure a Yauri. Ni da na saba da hayaniyar aji, sai ga ni ina yi wa kaji faɗa don dai in ji muryata. Ba zan ɓoye ba, ina da zafin rai, bakina kuma ba ya shiru, shi ya sa ko lokacin da nake da lafiya ba kowa ke shigo mini ba.

Ciwon nan da yanayi yake tafiya. Zafin bazara da kowa ke kuka da shi, ni shi ne hutuna. Amma da iska ta juya ta fara zuwa da laima, kwana ɗaya ko biyu kafin ruwa, sai gaɓɓaina su yi nauyi kamar an ɗura musu yashi, ko da sama tana tas babu ɗigon gajimare. Na gaya wa likita, ya ce marasa lafiya da yawa na faɗin haka, amma kada in ɗauki gwiwata rediyo.

Maƙwabciyata ce ta fara lura. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya rasu, ita ke noma 'yar gonarsa da ke hanyar Icirnawa. Wata rana ta ji nishina ta katanga, ta shigo, na ce mata ruwa ne ke tafe yake tsinka mini jijiya. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin ranar kasuwa unguwa duka ta ji.

A nan mutane da yawa ba su jiran ruwa, binne suke yi: a shuka gero a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. In ruwan ya zo da wuri, ka riga kowa. In ya yi jinkiri, tururuwa da tsuntsaye su kwashe. In kuwa yayyafi aka yi, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Matan da mazansu ke Nijeriya su ke yanke shawarar ranar binne, sai suka mai da gidana wurin tambaya. Da hantsi za ka ji sallama: "Malama, ina kwana? Ya gwiwa?" Su zauna a tabarma, wata ta kama mini shara, wata ta daka mini yaji, ana hira ana dariya. Ina yi musu tsiya ina cewa ba ni suka zo gaisarwa ba, ciwona suka zo gaisarwa. Amma Allah Ya sani, damina biyu na yi ina jin daɗin abin fiye da yadda nake jin zafin.

A shekara ta uku likita ya sake mini magani, kuma ya karɓe ni. Kumburin ya sauka. Bazara ta ƙare, iska ta juya, gwiwata ba ta ce uffan ba. Mata suka zo sau ɗaya, sau biyu, ina ce musu ban ji komai ba tukuna. Sai suka fara raguwa. Kwana huɗu a jere ba wanda ya yi mini sallama. Na ji tsoro, tsoro na gaske, na ga gidan zai koma yadda yake.

Rana ta biyar Yaya ta shigo ta zauna. Ta ce, "Malama, tiya biyu gare ni ta iri, ita ke nan. In binne ko in dakata?"

Na dubi gwiwata, na dube ta. Na ce, "Tun asuba take ci na, Yaya. Ba zai wuce jibi ba."

Da yamma na ji ta fita da sungumi. Washegari mata biyar suka cika mini tsakar gida, na yi ta yamutsa fuska ina dafe ƙafa. Allah Ya taimake su, su sun ce bari su ƙara gani. Jibi ta zo ta wuce. Sati biyu sama ba ta ko yi duhu ba, sannan aka yi wani yayyafi da bai jiƙa zane ba. Abin da tururuwa suka rage ya tsiro, rana ta gama da shi.

Ba wadda ta zo ta yi mini gori. Da an zo ma da na fi so, don na iya faɗa. Sai dai na ji ana cewa gwiwar Malama ta daina aiki.

Na kira maigidana a waya ya ba ni izini, na auni tiya biyu cikin irinmu na kai wa Yaya. Na tarar tana tankaɗe. Na ajiye ƙwaryar na ce, "Yaya, ranar nan ƙarya na yi miki. Ba abin da ke yi mini ciwo."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ga alama. Ina shigowa na tarar kin ɗaura kallabi da kanki, har da kyakkyawan ƙulli."

"To, don me kika binne?"

"Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, Malama. Sai na ce idona ne bai gani daidai ba."

Ta karɓi irin, ta yi godiya, ta sa mini albarka, ta rako ni har ƙofa. Tun daga ranar ba ta fasa gaishe ni ba, amma ta katanga, kuma lafiyar gida kawai take tambaya.

Bayan kwana tara, da hantsi, ciwon ya dawo, magani ko ba magani. Yatsuna suka sandare, na kasa ɗaga buta. Na san wannan babban ruwa ne, irin wanda ake shuka a kansa. Na ja jiki har gindin katanga, ina jin sakainar Yaya tana karta tukunya a ɗaya gefen. Na buɗe baki in kira ta, sai na tambayi kaina da wane ido za ta dubi maganar. Na koma na fara kwashe shanyata ni kaɗai.